Gana Ekis

Duk baƙon da ya sauka a ƙauyenmu, can gabas da Haɗeja kan hanyar Guri, ya ce gidan Malam Gana yake nema, sai an tambaye shi wane Gana, domin Gana a wajenmu ya fi tarwaɗa yawa. Amma in ya ce Gana Ekis, ko yaron da aka yaye jiya zai nuna masa ƙofar da leɓe.

Sunan ya samo asali ne wata Juma'a da bazara. Liman na tsakiyar huɗuba, zafi ya dafa kowa, masallaci ya yi tsit. Malam Gana ya zo a makare daga gona, taɓo har ƙwauri, ya raɓa sahun baya ya jingina da bango. Nan da nan gyangyaɗi ya sace shi. Can sai tattabarun da suka mayar da rufin masallacin gidansu suka tashi fir gaba ɗaya. Gana ya yi zumbur ya miƙe, ido bai gama buɗewa ba, ya wurga hannu sama, ya kwarara ihu:

"Haa! Fayin ekis! Fayin ekis!"

Liman ya tsaya cak da takarda a hannu. Sahu bayan sahu aka juyo. Wani tsoho mai nauyin kunne ya ɗauka an kai wajen addu'a, ya shafa ya ce amin. Samari suka cusa huluna a baki. Aka dai yi sallar nan kafaɗu na rawa, Allah ya karɓa.

Ga wanda bai yi boko ba, ekis wani harafi ne da masu lissafi ke ajiyewa a gurbin abin da ba a sani ba, su ce wa yaro da Turanci ya nemo shi. Gana kuwa ko inuwar aji bai taɓa zama ba. Yadda aka yi wannan Turanci ya shiga bakinsa har ya fito a gaban liman, shi ne labarin.

Gana manomin shinkafa ne, ɗan manomin shinkafa. Kakansa ya taso daga wajen tafkin Cadi yana bin ruwa, ya zo fadamar nan ya ga ta yi masa, ya kafa bukka. Gana gajere ne mai faɗin ƙirji, kuma a zamanin ƙarfinsa Allah ya ba shi murya. In ya yi sallama a wannan gaɓar kogi, a waccan ake amsa masa. Yana yaro ya yi karatun allo a hannun wani malami da ba ya rabuwa da dorina, ya haddace abin da ya haddace, ya fito da zane a gadon baya wanda yake nuna wa mutane kamar takardar shaida. Daga nan ya samo aƙidarsa ta ilimi, wadda ba ta da tsawo.

"Karatu murya ne," in ji shi. "Abin da baki ya maimaita, kai ba ya saki. Yaron da ka ji ya yi shiru, ko barci yake, ko ɓarna yake shiryawa."

Sai Allah ya ba shi ɗa mai shiru. Matarsa Falmata ta haifa masa mata, namiji ɗaya ne a cikinsu, Munzali, siriri, mai kallon ƙasa, wanda in ya yi magana sai ka matso. A makaranta ba shi da laifi. Turanci yana ci, kimiyya yana ci. Lissafi ne kaɗai ya tsaya masa kamar ƙaya a maƙogwaro tun yana firamare, aka yi ta tura shi gaba haka nan, kamar yadda ake tura kwale-kwale mai yoyo a ce in an kai gaɓa a toshe.

Burin Gana guda ne, kuma bai taɓa ɓoye shi ba. Akwai majalisar da dattawa ke zama a gindin tsamiya bayan la'asar. Da salla, 'ya'yan wasu kan dawo daga birni cikin fararen kaya, su zo su zauna kusa da iyayensu, a yi ta yi musu tambaya suna amsawa, uba na gyara zama. Gana so yake wata rana shi ma ya gyara zama. So yake Munzali ya shiga makarantar koyon aikin lafiya, ya fita daga taɓo, ya dawo ya zauna a damarsa a gindin tsamiyar nan ana ce masa likita. Makarantar kuwa ba ta ɗaukar wanda bai ci lissafi ba.

Sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito. Munzali ya ci komai, ya faɗi lissafi, faɗuwar da babu ta ƙasa da ita.

A majalisar akwai Tukur, Bafillatani, dillalin shanu a kasuwar Kafin Hausa. Shi kuwa Gana Babarbare ne. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasan da ya halatta wa mutum ya faɗa wa ɗan'uwansa maganar da in wani ne ya faɗa sai an je gaban alƙali. Tukur bai taɓa barin wannan dama ta yi tsatsa ba.

"Bawana, ka daina ɓata rai, ba laifin yaron ba ne," in ji Tukur. "Babarbare ina shi ina lissafi? Ku da in aka ce ku ƙirga yatsunku sai kun kira maƙwabta."

"Kai da ka iya, me ka ƙirga ban da wutsiyar saniya?"

"Ita ma ka ga ba ta taɓa ɓace min ba. Ka sayar min da yaron nan ya riƙa bin shanu, su ba sa tambayar takarda."

Aka yi dariya. Gana ma ya yi, irin wadda haƙora kaɗai ke yi. Washegari ya hau mota zuwa Haɗeja, ya dawo da wani ƙaton littafi na tsofaffin tambayoyin lissafi da amsoshinsu, ya biya wa yaron kuɗin sake zama a ƙarshen shekara. Ya dire littafin gaban Munzali ya ce masa daga bango zuwa bango zai haddace.

Lokacin shinkafar damina ta fitar da kai. Wanda bai zauna a fadama ba ba zai gane abin da wannan ke nufi ba. Tun da kacala ta cinye hanyoyin ruwa, wato ciyawar nan mai tsawo da ta fi mutum, jan-baki suka samu gidan kwana. Tsuntsu ne ɗan mitsitsi, amma in suka taso sai ka ce hadari ya haɗu, in kuwa suka sauka a gona suka tashi, sai dai ka girbi kara. Don haka kowace gona akwai rumfar gadi a kan dogayen sanduna, da igiyoyi da aka ja ta ko'ina an rataya musu gwangwanaye. Yara ke hawa tun asuba, suna jan igiya, suna ihu, suna jifa da majajjawa, har rana ta faɗi.

Nan basira ta zo wa Gana. Tsuntsu na bukatar ihu, karatu na bukatar murya, ga kuma yaro zaune da baki a banza. Ya ɗora Munzali a rumfa da littafin, ya ɗaura masa igiyar gwangwanaye a idon sawu don hannu ya samu riƙe takarda, ya ce ya karanta da ƙarfi yadda tsuntsun da ke cikin kacala zai ji.

Haka aka yi. Duk wanda ya bi ta fadamar a wannan kaka ya ji abin da bai taɓa ji ba: saurayi a sama yana rangaji gaba da baya kamar mai biya allo, yana rera tambaya da amsarta da Turanci, ƙafa na jan igiya, gwangwanaye na yi masa amshi. Masunta masu iyo a kan gora sukan tsaya su saurara. Mata masu zuwa yankan ciyawa suka sa masa Shehin jan-baki. Gana na can ɗaya gefen gonar da majajjawarsa da curin laka busasshe a aljihu. Dokar ita ce, in murya ta tsaya, curi zai zo. Da farko kan jinkar rumfar yake jefawa, gargaɗi ne kawai, kuma hannunsa ba ya kuskure.

Wata rana da hantsi muryar ta tsaya. Falmata ta gaya wa mata daga baya cewa ba barci yaron ya yi ba. Wani layi ne ya kama masa ido, ya tsaya yana mamakin abin da ya sa lamba in ta tsallaka ɗaya gefen take sauya hali. Karon farko ke nan a rayuwarsa da ya yi wa lissafi tambaya. Yana cikin wannan kallo jan-baki suka sauka. Gana ya hango, ransa ya ɓaci, ya juya majajjawa ya saki. Wannan karon ba jinka ya nufa ba, ko kuma ita ya nufa hannu ya ci amanarsa. Allah kaɗai ya sani, shi dai bai taɓa faɗa ba. Curin ya samu Munzali a kunnen hagu.

Jini ya zuba har wuyan riga. Falmata ta ɗiga masa mai mai ɗumi tana kuka ƙasa-ƙasa. Gana ya tsaya bakin ƙofa ya ce kunne ɗaya ya ishi mai son karatu, gobe ya koma rumfa. Sai da ruwa ya fara fita daga kunnen aka kai shi asibiti, aka ce abin da ya fashe a ciki ya riga ya fashe. Tun daga lokacin, in ka yi wa Munzali magana ta hagu, bango ka yi wa.

Ya haddace littafin kuwa. Ya zauna jarrabawar. Ya sake faɗuwa.

Gana ya ce ƙarya ne, an zalunci ɗansa, da kunnensa ya ji yaron ya sauke littafin kaf. Ran nan sai ga Malam Muttaka, mai koyar da lissafi a sakandaren garin da ke gaba da mu, ya biyo ta ƙauyen sayen bandar kifi, ya tsaya gaida dattawa a gindin tsamiya. Gana ya aika a kira Munzali.

"Malam, ga littafi, ga yaro. Buɗe duk inda ka ga dama, ka ja masa baki."

Malam Muttaka ya buɗe tsakiya ya karanta farkon wata tambaya. Munzali ya lumshe ido ya kama rangaji, ya zubo ta har amsa ba tuntuɓe. Aka buɗe wani wurin, haka. Gana ya dubi Tukur ya gyara hula.

Malamin ya sunkuya. Ya tsinci kara ya rubuta tambayar farko a ƙasa, sai dai inda aka sa bakwai ya sa tara. Ya miƙa wa yaron karan. Munzali ya riƙe kara kamar an ba shi maciji. Ya dubi ƙasa, ya saci kallon ubansa, sannan ya lumshe ido ya rero tsohuwar amsar.

"To bar wannan," in ji malamin. "Rabi da sulusi, in an haɗa, nawa ke nan?"

Gumi ya tsattsafo wa yaron a goshi.

"Biyu bisa biyar," in ji shi a hankali.

Malam Muttaka ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Mafi yawan mutanen wurin ba su san amsar ba su ma, amma da suka ga malami ya yi dariya sai suka taya shi, har da masu buga cinya.

"Bawana, ashe aku ka haifa," in ji Tukur. "Da ka faɗa tun da wuri, da keji muka saya masa, ya fi arha."

Munzali na tsaye da kara a hannu, ba wanda ya ce ya tafi. Sai da malamin ya sallame shi ya juya, yana tafiya kamar mai taka ƙaya.

Malam Muttaka ba mugu ba ne, dariyarsa ce dai ke riga tausayinsa fita. Ya ja Gana gefe.

"Baba Gana, ka iya tuƙa kwale-kwale?"

"Kafin a haifi ubanka."

"Da hadda ka koya?"

"Wace irin hadda? Ruwa aka tura ni."

"Ka taɓa kifewa?"

"Har na gaji da shan ruwa."

"To lissafi haka yake. Hannu ke koyonsa, ba baki ba, kuma sai an kife. Yaron nan tun firamare ya ɓata hanya, can zai koma. A nemo masa littafin 'yan aji huɗu. Kullum da safe, kafin kai ya yi zafi, ya zauna shi kaɗai ya yi kaɗan, ba da yawa ba, amma kullum. Ya rufe amsa, ya gwada da kansa. In ya kuskure kada ya goge, ya tsaya ya duba inda ƙafarsa ta zame. Ranar kasuwa ya kawo min waɗanda ya faɗi. Waɗanda ya ci ba na son ganinsu."

"Shi ke nan? Ba biyawa?"

"Ba biyawa. Saura ɗaya, ita ce mai wuya. Ka fita daga harkarsa. Kada ka tambaye shi, kada ka tsaya a kansa, kada ka ce masa komai. Na ga inda idonsa ya je ɗazu. Yaron nan in ya dubi lamba, fuskarka yake gani."

"Ni ubansa?"

"Kai ubansa."

Abin da malamin ke nufi, kada a yi wa yaro maganar lissafi. Amma Gana mutum ne da bai san rabin abu ba. In ya yi noma sai ya kai iyaka, in ya yi duka sai ya kai kunne. Da aka ce masa shiru magani ne, sai ya ɗauke shi kamar maganin asibiti da ake cewa kada a tsallake. Daga ranar ya ɗauke wa ɗansa magana gaba ɗaya. Munzali ya durƙusa da safe ya gaishe shi, Gana ya ɗaga hannu ya wuce. In yana son a ba jaki ruwa, sai ya gaya wa Falmata, ita ta gaya wa yaron, alhali su uku suna tsakar gida ɗaya. Bai yi wa kowa bayani ba. A ganinsa duk mai hankali ya san sadaukarwa yake yi, domin a duniya ba abin da ya fi masa wuya irin rufe baki.

Munzali kuwa ya ɗauka uban ya yafe shi ne saboda kunyar da ya ba shi a gindin tsamiya.

Ya koma littafin 'yan aji huɗu, saurayi da gashin baki ya fara tsirowa. Yaran unguwa suka gano, suka riƙa leƙowa ta katanga suna tambayarsa ko yana son su koya masa. Bai kula su ba. Makonnin farko duk abin da ya kai wa Malam Muttaka kuskure ne, shafi bayan shafi. Wata rana ya ce wa malamin shi fa kansa ba ya ɗaukar lissafi, haka aka halicce shi.

"Yaushe aka taɓa ɗora masa har ka san ba ya ɗauka?" in ji malamin. "Bakinka aka yi ta yi wa kaya. Koma ka sake wannan, ka zo ka gaya min inda ka ɓata, ba ni zan gaya maka ba."

A hankali abin ya fara kama ƙasa. Ya gama da rabi da sulusi, ya wuce. Ya dawo kan tambayar nan da ta jawo masa curin laka, ya gano amsarta da kansa, ba wanda ya gaya wa sai uwarsa, ita ma ba ta gane ba amma ta sa albarka. Kurakuran da yake kaiwa ranar kasuwa suka fara raguwa, har malamin ya fara ƙorafin an rage masa aiki.

Sai bazara ta zo, shinkafar rani ta fitar da kai, daidai lokacin da jarrabawa ta matso. Jan-baki ba su san da jarrabawa ba. Kowane gida ya fitar da yaransa, Gana ba shi da wani yaron. Falmata ta ce ko da safe kawai Munzali ya riƙa hawa rumfar.

"Safiyar ita malam ya ce," in ji Gana. "Ba mai taɓa shi."

Ya ɗauki majajjawa ya hau da kansa. Dattijo da furfura a gemu, a kan rumfar yara, yana jan gwangwanaye. Masu wucewa suka samu abin kallo. Tukur yakan karkato da hanyarsa takanas don ya tsaya a bakin gona ya tambaye shi ko an yi masa kaciya tukuna.

Wani abu kuma ya faru da Gana bai shirya masa ba. Ihun korar tsuntsu na wuni guda yana bukatar abin faɗa, haa-haa kaɗai ba ta kai mutum azahar. Da ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne abin da kunnensa ya sha kaka guda cur: karatun Munzali, da rangajinsa da waƙarsa, Turancin ya karye a bakinsa amma muryar ta fita sarai. Aƙidarsa ta yi gaskiya a kansa, abin da aka maimaita kai bai saki ba. Ya yi ta zuba wa jan-baki tambaya da amsa daga asuba zuwa magariba, ko kalma ɗaya bai san ma'anarta ba.

Gonar ba ta da nisa da gari, muryar kuwa ta Gana ce. Munzali na zaune a zaure da fensir, kunnensa mai lafiya na kawo masa komai. Ga uban da ya daina yi masa magana, yana can sama yana kwaikwayon karatunsa na aku gari duka na ji, mutane na dariya. Me zai ɗauka? Ya ɗauki abin da kowa ya ɗauka, wato ba'a uban ke yi masa. Ya samu auduga ya toshe kunnen dama, ya ci gaba da aiki. Falmata ta ce ba ta taɓa ganin mutum na rubutu da irin wannan fuska ba.

A cikin waɗannan kwanaki ne Juma'ar tattabaru ta faɗo. Kafin magariba sunan ya zaga gari, yaron kuma ya zama ɗan Ekis.

Dattijo ba ya iya abin da yara ke yi. Jan-baki suka ci fiye da rabin gonar. Muryar nan da ke tsallake kogi ta dushe, ba ta kuma dawo ba. Yau in Gana na magana, sai ka ce ana jan buhu a kan yashi.

Munzali ya ci lissafi. Ba tsallake rijiya da baya ba, ci mai kyau. Labari ya iske Gana a bakin kogi, ya bar kwale-kwale ba ɗauri ya taho gida yana haɗawa da gudu, yana shirya maganar da ya tara wata da watanni. Ya iske yaron a tsakar gida yana ɗaura takalmi, zai kai wa Malam Muttaka takardar.

"Munzali," in ji shi da dusasshiyar murya. "Ai yanzu an gama shirun ko?"

Yaron ya durƙusa kamar yadda ya saba. Sai dai a durƙuson ya ɗan karkata, kunnen hagu ya fuskanci uban.

"Na'am, Baba?"

"Na ce, wato, shirun nan da malam ya..."

"Na'am?"

Gana ya dubi kunnen.

"Allah ya yi albarka," in ji shi.

"Amin, Baba." Ya tashi ya fita.

Shekaru sun wuce yanzu. Munzali ya gama makarantar lafiya, yana aiki a wani asibiti can nesa, ana ce masa likita kamar yadda aka so. Ba wanda zai ce ɗa ne marar kirki. Yana aiko da magani, da shadda, da buhun shinkafa 'yar kanti, wadda Gana ke ci yana cewa ba ta da ɗanɗano. Da salla yakan zo cikin fararen kaya, ya durƙusa har ƙasa ya gaida uban, gaisuwa cikakka ba abin da ya rage, sannan ya wuce ɗakin uwarsa, inda ake jiyo dariyarsa. Gindin tsamiya kuwa, in zai je masallaci ta bayan gari yake zagawa. Gana ya taɓa roƙon Falmata ta yi masa bayani. Ta ce ta yi, ya saurara, ya ce ya ji.

"Kai ka koya masa shirun," in ji ta. "Shi kuwa yanzu in ya koyi abu, da hannu yake koya, ba ya mantawa."

Gana na nan a majalisa kullum bayan la'asar. Tukur ma na nan, haƙora sun zube amma harshen bai tsufa ba. Bayan sallar da ta wuce, da motar Munzali ta bar gari, ya dubi abokin wasansa ya ce:

"Bawana, na ga liman ya sa an toshe rufin masallaci, an kori tattabarun nan. Na ce masa bai kyauta ba, ya hana mu jin karatu. Wai don Allah ranar nan ba ka ji kunya ba? Gari guda ya juyo yana kallonka."

Gana ya murza carbi. Sannan ya yi gyaran abin da ya rage masa na murya.

"Gari guda kuka gani, ni mutum ɗaya na gani," in ji shi. "Munzali, yana sahu na uku. Ya juyo ya dube ni ido cikin ido. Harara ce, na sani. Amma da zan samu ya sake yi min ita, Tukur, wallahi Juma'ar nan mai zuwa ma sai in tashi in maimaita."